Ranar da Torkula Ya Kai 'Yan Okada Gona

Shekarar da man fetur ya yi ɓatan dabo a Lafiya, lokacin jihar tamu ko yaye ta ba a yi ba, maƙwabcina Torkula ya je wata bita ya dawo da sabuwar hula da sabon ciwo. Ba gayyatarsa aka yi ba. Ƙamshin shinkafa ya ji a bakin wani otal, ya ga masu kwat suna shiga, ya bi sahu. Ya ci, ya sha, ya tafa inda ake tafawa, aka ba shi jar hula mai baki, ya fito yana tafiya kamar an naɗa shi kwamishina.

Ni Rekiya, kunun zaƙi nake sayarwa, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, shi ya sa babu abin da ya wuce kunnena. Tun da sassafe sai in ji shi gaban madubi yana dukan ƙirji: "Zan iya! Na iya! Na ma gama!" Ranar farko na ɗauka aljanu ne, har na leƙa ta kan katanga in ga ko matarsa Hembadoon tana buƙatar taimako.

Taimako kam tana buƙata, amma ba irin wannan ba. Ruwan farko ya sauka, irin doyar da ta yi shekara tana tattali ya soma tsiro a ɗaki, gonarsu ta hanyar Doma kuwa ko kunya ɗaya ba a tada ba, tulin ƙasar nan da ake binne iri a ciki. Idan irin nan ya lalace, gidan ba su da abin sa wa a turmi sai baɗi. A unguwarmu gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, Baba Iorkyaa ne dattijon da ke tsara layi. To shi Torkula shekara da shekaru, ranar gayyar wani ta zo sai bayansa ya riƙe, ranar tasa ta zo sai ya aika Hembadoon ta tsaya masa. Bana Baba ya gaji, ya sa gonarsa a can ƙarshen layi.

"Baban Member, ka je ka ba Baba haƙuri," in ji Hembadoon. Member 'yarsu ce. "Irin nan ba zai jira ba."

"Ni? Haƙuri? Maman Member, kin san da wa kike magana? Mutanen nan noma suke yi babu ilimi. An koya mana a bita, abu biyu ke motsa ɗan Adam: ya yarda da kansa, sannan ya hango lada. Ki ba ni wanda bai taɓa riƙe garma ba, in zuba masa waɗannan biyun, kafin la'asar gonarki ta gama."

"Kai da bayanka ke ciwo?"

"Shugaba ba ya tono. Shugaba tada jini yake yi."

"To ladan fa, daga ina?"

Sai ya juya a hankali ya dubi akuyarta da ke ɗaure a gindin gwanda. Akuyar nan tun tana 'yar ƙarama Hembadoon ta rene ta, ɓawon doya ma sai ta wanke take ba ta. Aka yi ta ja-in-ja har na gama tace kununa. A ƙarshe tsoron asarar iri ya fi ƙarfinta. Ta ce, "Na yarda. Amma wallahi Baban Member, idan akuyata ta tafi kuma gonata ba ta tashi ba, ni da kai ne."

"Ki fara fere doyar sakwara kawai," in ji shi.

Ma'aikatansa a gidan mai ya samo su. 'Yan okada ne, sun jera babura a layi sun kwana sun wuni, mai bai zo ba, wasu na barci a kan sit, wasu na karta. Torkula ya aro lasifikar hannu wurin mai tallan maganin basir na tasha, ya hau kan benci ya fara.

"'Yan'uwana! Me kuke gani idan kun dubi kanku?"

"Yunwa!" wani ya amsa.

"Ni zakuna nake gani! Gobe akwai akuya, akwai sakwara da miyar riɗi, akwai kunun Hajiya Rekiya mai sanyi!"

Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar na zama Hajiya. Ciyaman ɗinsu, wani dogo mai suna Raymond, ya miƙe ya karkaɗe wando. "Oga, akuya na gaskiya ko na baki?"

"Mai ƙafa huɗu."

"To no wahala. Za mu zo."

Washegari motar ɗaukar doya ta sauke mu a bakin hanya, su da garemanin aro, ni da jarkokin kunu. Ni 'yar kasuwa ce, ban taɓa taka gonar ba. Shi ma mai gonar sai da ya tsaya ya yi waige-waige, sannan ya gane wata bishiyar ɗorawa ya ce a nan ne. Hembadoon tana gida da matan unguwa suna fama da akuya da turmi, sai abinci ya nuna za su biyo mu.

Ya jera su kamar 'yan makaranta, ya sa suka daki ƙirji. "Zan iya! Na iya! Na ma gama!" Tsuntsaye suka watse daga kan ɗorawa. Gaskiya jikinsu ya ɗauki zafi, har ni da ke zaune sai da na ji kamar in ɗauki garma.

"Doka ta farko," in ji Torkula ta lasifika. "Duk wanda ya tada kunya biyar, kofin kunu nasa ne. A fara!"

Kai! Ban taɓa ganin sauri irin wannan ba. Kafin in buɗe jarka har an yi layi a gabana. Ina zubawa, suna shanyewa, suna komawa a guje, suna dawowa. Torkula yana tsalle yana cewa, "Hajiya kin gani? Kin ga ilimi?" Sai da jarka ta biyu ta yi rabi na ɗaga kai na dubi gonar. Kunyar doya ta kirki takan kai wa mutum gwiwa ko ta wuce. Waɗannan kuwa sara ɗaya ne, a tara ƙasa da ƙafa, a wuce gaba. Gonar ta fito kamar fuskar mai ƙyanda.

"Oga Torkula," na ce, "doya za a shuka a nan ko gyaɗa?"

Ya je ya duba, ya taka ɗaya da silifa ta baje. "Raymond! Mene ne wannan?"

"Oga, kai ka ce biyar. Ba ka ce babba ba."

"Hankalinku fa?"

"Hankali yana wurin kunu, Oga."

Lokacin rabinsu sun shige daji, don kunun ya fara neman hanyar fita. Torkula ya tsaya yana kiran sunayensu ta lasifika ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa daga bayan ciyawa.

Da suka dawo ya gyara hula. "Wannan gwaji ne. A bita an ce shugaba ba ya faɗuwa, darasi yake ɗauka. Doka ta biyu: wanda kunyarsa ta fi ta kowa girma, cinyar akuya tasa ce shi kaɗai."

Nan fa aka shiga wani sabon hauka. Kowa ya kama wuri ɗaya yana tara ƙasa. Da wani ya ga na kusa da shi ya fi shi, sai ya kai garma ya yanko gefen nasa. Aka fara zage-zage da yare kala-kala, mai Eggon na yi, mai Alago na ramawa, mai Tibi ya riƙe kwalar mai Migili. Raymond ya shiga tsakani a matsayinsa na ciyaman, ya ce wannan rashin haɗin kai ne, a tara ƙasar wuri ɗaya a raba cinyar kawai. Shawara ta karɓu. Suka kankare ƙasar sama ta kusan rabin gona, har da 'yan ƙurajen da suka yi da safe, suka tula a tsakiya. Abin ya tashi ya fi ɗakin girkina tsawo.

Torkula ya tsaya a gindinsa baki buɗe. Na ɗauka zai yi kuka, ashe tunani yake yi. "Kun gani?" ya ce. "Da safe kun san za ku iya gina dutse? Wannan shi ne yarda da kai!" Ya kama hawa don ya yi musu jawabi daga sama. Ya kai ƙoli, ya ɗaga lasifika, ya ce "Zaku..." sai ƙasar ta zurma da shi har ƙugu. Sabuwar ƙasa ce mai laima, ta riƙe shi gam. Lasifikar tana kunne, don haka duk wanda ke hanyar Doma ya ji shi yana kiran uwarsa.

Mutum huɗu suka ja shi. Ya fito, wando bai fito ba. Sai da aka tona aka ciro wandon, silifa ɗaya kuwa har yau tana can. Ni dai na juya baya ina dariya har kofi ya faɗi daga hannuna.

Masu wucewa suka fara tsayawa. Mata masu itace a ka, wani Bafulatani mai suna Safiyullahi da ke kiwo a gefe, masu keke, duk aka yi cirko-cirko. Safiyullahi ya jingina da sandarsa ya ce, "Sannu Oga. Kabarin wane ne wannan, babban mutum ne?"

"Wuce ka bi shanunka!"

"Shanun ma kallo suke yi."

Rana ta take, kunu ya ƙare, zakuna sun zube a inuwa suna hamma. Raymond ya ce, "Oga, gaskiya jiki ya mutu. Ka faɗa mana abin da kake so sosai. Mu ma fa 'ya'yan manoma ne, okada ne ya kawo mu gari."

Torkula ya ɗaure wando. Sannan ya ce, "To. Kunya daidai gwiwa, layi a miƙe. Wanda layinsa ya fi kyau, kan akuya da hular nan tawa. Kuma duk wanda ya yi ta kirki, zan kira sunansa da na garinsu kowa ya ji." Ya dubi inda suka ɓata, ya kau da kai. Can gaba, bayan wani siririn layin gamba da aka bari ba a sare ba, akwai fili shararre mai baƙar ƙasa. "Ku bar nan, za mu dawo kansa. A fara daga can, inda ƙasa ta fi kyau."

Suka tsallake gambar suka kama aiki. Wallahi sai ga abin mamaki. Garma na sauka tare, ƙasa na juyawa, kunyoyi na tashi ɓul-ɓul a jere. Torkula ya bi bayansu da ƙafa ɗaya ba takalmi yana zuba kirari.

"Terlumun ɗan Awe! Ƙasa na ganinka tana rawa! Ya'akubu na Keana, gishirin maza! Raymond, ciyaman na ciyamomi!"

Wanda aka kira sunansa sai ka ga ya ƙara sunkuyawa, gumi na zuba yana dariya. Wanda ba a kira ba ya ƙara wuta don a kira shi. Wani ya ɗauko waƙar garinsu, saura suka amsa. Mutanen da ɗazu suke hamma, yanzu ko ruwa ka miƙa musu ba sa tsayawa. Ni kaina na ce a raina, ashe dai mahaukacin nan ya tsinto wani abu a otal ɗin.

Ana cikin haka sai ga Baba Iorkyaa a kan tsohon kekensa, garma ɗaure a baya. Ya sauka, ya dubi masu aiki, ya dubi layin gamba, ya sake duban masu aiki. Ya matso da sauri.

"Torkula, ɗana, tsaya. Wurin nan da kuke..."

"Baba, sannu da zuwa. Ka zo ganin yadda ake noma na zamani?"

"Ba shi ba ne. Ina so in gaya maka, nan wurin..."

Torkula ya juya ga mutanensa ya ɗaga lasifika. "Kun gani? An gaya mana a bita! Da zarar ka fara cin nasara, masu kashe gwiwa za su zo. Kada ku saurara! Me muka ce?"

"Zan iya! Na iya! Na ma gama!"

Baba ya ja hannun rigarsa. "Yaro, ka ji ni mana, magana ɗaya ce."

"Baba, da girmanka. Kun sa ni ƙarshen layi, na yi shiru. Yau kuma ka zo ka hana ni? Ka zauna a inuwa ka koyi abu."

Tsohon ya dube shi tun daga hula har ƙafar da ba takalmi. Ya ce, "To." Ya tura kekensa gindin ɗorawa kusa da ni, ya zauna, ya ciro lofe ya cusa taba. Can ya ce, "'Yata, babu sauran kunu?" Na tatso masa ɗan abin da ya rage a gindin jarka. Yana sha yana gyaɗa kai, wani lokaci har ya ɗaga murya: "Na gefen can, a ƙara mata ƙasa kaɗan!" Torkula ya ƙyafta mini ido, wai tsoho ya sallama.

Rana ta karkata suka kai ƙarshen fili. Kunyoyi reras, ido ba ya ganin ƙarshensu. Suka ɗaga Torkula sama suna juyi da shi, yana ta ɗaga wa masu kallo hannu. Daidai nan Hembadoon ta iso da matan unguwa, kwanonin sakwara a ka, ƙamshin akuya na gaba suna biye.

Ta sauke kwano. Ta dubi dutsen ƙasa, ta dubi ramukan da ke kewaye da shi. Sannan ta dubi kyawawan kunyoyin da ke bayan gamba. Ta daɗe tana kallo.

"Maman Member!" Torkula ya taho yana buɗe hannuwa. "Faɗi mana! Kafin la'asar na ce ko ban ce ba?"

"Baban Member, gonar wa ke nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Gambar nan da kuka tsallake, ka san ko mece ce?"

"Ciyawa."

"Iyaka ce! Gonarmu daga ɗorawa zuwa gamba ta tsaya. Wancan duk na Baba Iorkyaa ne!"

Wata saniyar Safiyullahi ta yi kuka. Torkula ya juya ya dubi Baba. Baba ya cire lofe daga baki.

"Sau uku na so gaya maka, ka ce in zauna in koyi abu. Na kuwa koya. Allah ya yi maka albarka, ɗana, tunda nake ban taɓa samun gayya mai kyau irin wannan ba."

Dariyar da aka yi, wata mai itace sai da ta yar da kayanta. Hembadoon ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan jarkata ta rufe fuska da gefen zane, tana cewa akuyarta, irinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san yadda ta wahala a kan su biyun.

Torkula ya ruga wurin Raymond. "Ciyaman, ku taimaka. Ku ci abinci, sai mu koma wancan ɓangaren. Ku zakuna ne!"

"Oga, bari mu ci tukuna."

Suka ci. Duk wanda ya san sakwara da miyar riɗi ya san abin da take yi wa mutumin da ya wuni yana tono. Zakuna suka miƙe ƙafafu, ido na lumshewa. Torkula ya bi su da lasifika yana "Zan iya!", wani ya amsa masa da gyatsa. Sai ga wani mai keke daga gari yana ihu tun daga nesa: "Tanka ta iso! Ana ba da mai!" Kafin ka ce me, mutanen da suka kasa ɗaga hannu sun tashi sun bazama hanya a guje. Terlumun ya dawo da baya, ya cire hular daga kan Torkula, ya ce layinsa ne ya fi kyau, ya ɗauki kan akuya ya bi sahu.

Torkula ya tsaya a gaban Baba, kai babu hula. Murya ta yi ƙasa. "Baba, a al'ada, wanda ya yi maka aiki kai ma kana yi masa."

"Haka ne," in ji Baba. "Abin da ka yi mini, shi zan yi maka, ba ragi. Miƙo abin maganar nan."

Washegari na rufe sana'ata na bi su, don wannan ba abin da za a ba ni labari ba ne. Torkula na tsakiyar gona da garma, shi kaɗai. Baba Iorkyaa na gindin ɗorawa a zaune, lasifika a baki.

"Torkula ɗan bita! Dube shi, zaki ne! Me muka ce?"

"Zan iya," in ji Torkula kamar mai zazzaɓi.

"Ban ji ba!"

Hembadoon na tsaye a kansa da kwanon sauran sakwarar jiya. Ya tada kunya, ta duba, ta gutsuro loma ɗaya ta ba shi. Ya ce bayansa. Ta ce bayan ma ya yarda da kansa. Ya tada wata, ya sami loma. Ya tada wata.

Abin haushi, sai ga shi abin ya kama shi. Da Baba ya kira sunan kakansa da na ƙauyensu, sai na ga ya tofa yawu a tafin hannu ya gyara riƙon garma. Layi ya fara miƙewa. Bayan da ya yi shekaru yana ciwo ko ƙara bai yi ba. Sai da rana ta yi tsaka, gumi ya jiƙa shi sharkaf, sannan Baba ya yi fito, mutanen gayya suka fito daga bayan gamba da garemaninsu, ashe tun safe suna can suna kallo. Suka baje dutsen, suka kama layi a gefensa. Hembadoon ta sauke ajiyar zuciya, ta aika a fara kwaso iri daga gida.

Torkula ya ɗago, ya ga mutane ta ko'ina suna aiki a gonarsa, ya share gumi, ƙirji ya fara kumbura.

"Hajiya Rekiya, kin gani? Maman Member, kin gani? Hanyata ce fa ke aiki! Yarda da kai da lada! Ban faɗa ba?"

Ya buɗe baki yana jiran loma. Hembadoon ta dubi kunyar da ya tada, ta auna ta da gwiwarta, ta mayar da lomar cikin kwano ta rufe.

"Wannan ba ta kai ba. Sake."